Yadda Za Ka Sa Tsohon Rediyon Mota Ya Gaisa da Wayarka

Malam direba, ajiye sukundireban nan tukuna. Rediyon da ya shekara da shekaru yana shan ƙurar hanyar Anka zuwa Gummi bai cancanci a tumɓuke shi a yar ba. Lafiyarsa ƙalau, kaset ne ya yi ɓatan dabo a kasuwa.

Fara da duba bakinsa. In har yanzu yana haɗiye kaset yana juyawa, ka huta. Akwai wani kaset mai jela, babu zare a cikinsa sai ɗan kan maganaɗisu. Goge kan rediyon da auduga da ɗan sifirit, zura kaset ɗin, soka jelar a ramin iyafis na waya. Rediyo zai ci gaba da aiki a zatonsa 1990 ake ciki, alhali Musa Ɗanƙwairo daga waya yake fitowa. Kuma ka rabu da naɗe zare da biro a gefen hanya.

In bakin ya mutu amma FM na kamawa, nemi modileta, wadda ake sokawa a ramin kunna sigari. Gidan rediyo ce 'yar mitsitsiya, masu sauraronta ba su wuce fasinjojinka ba. Nemo lambar da babu tasha tsakanin 87.5 da 108, inda ba ka jin komai sai shuuu, ka saita modileta da rediyo a kanta. Mutumin Bukkuyum ya fi Bakano sa'a a nan, don a Kano tashoshi sun cika layin maƙil. In rediyon ƙirar kasuwar Japan ne, lambarsa daga 76 zuwa 90 take, sai ka tsaya ƙasa da 90.

Yanzu ga inda ake shan kunya. In ka haɗa waya da modileta ta bulutut, ka sani bulutut ba ya rufa asiri. Kana kaiwa Daki Takwas uwargida ta kira, sai muryarta ta fito ta sifiku huɗu tana tambayar kuɗin cefanen da ka ce za ka aiko tun Talata. Mutum goma a Sharon, kowa ya kasa kunne, har dattijon kujerar gaba zai sa baki ya ce, "Gaskiyarta, ɗana." Don haka ni mimori nake ba kowa shawara, a soka shi a modileta. Ba ya amsa kira, ba ya cin data, kuma wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ya san darajar abin da ba ya jiran sabis. Ka kai wa masu tura waƙa su tsara maka: tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na safe, Narambaɗa da Sa'idu Faru in rana ta take barci na neman ido, Hamisu Breaker saboda samarin kujerar baya.

Mai son aiki na dindindin sai ya je wurin rewaya a dasa masa ɗan allon MP3 a cikin rediyon. Tsaya a kansa. Ka ce ya ɗauko wuta daga wayar da ba ta kawowa sai an murɗa makulli, in ba haka ba batir zai kwana yana ciyar da rediyo, da asuba fasinja su fara tafiya da turi. In ka ji wani wiii yana tashi duk lokacin da ka taka totur, wayar at ce ba ta kama ƙarfen mota da kyau ba, a kankare tsatsa a ɗaure. Fiyus kuwa, in ya ce zai naɗe shi da takardar kwalin sigari, karɓe makullinka. Sabon fiyus bai kai kuɗin shayi da burodi ba, wayarin Golf kuwa in ya kama da wuta sai ka sayar da rago.