Majigin Dare Ba Ya Aikin Rana

Hedimasta, an ce ka hango wani majigi mai araha a kasuwa, an rangaɗa wa kwalinsa ƙarfin haske lumen 9,000, har ka fara lissafa kuɗin makaranta. Madalla! Kafin ka biya, zo mu ɗan taɓa musu.

Ka ce ai lamba ba ta ƙarya? Haka ne, amma mai buga kwali fa, waliyyi ne? In ba ka ga alamar awon ANSI ko ISO kusa da adadin ba, tatsuniya aka yi maka. A awon ANSI, sai an haska farin allo, an auna haske a wuri tara, sannan a fitar da matsakaici. Irin naka, in aka yi masa wannan awo, sau da yawa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Har kotu kamfanin Epson ya maka wasu masu sayarwa a Amurka kan wannan cika baki.

Ka ce ai an kunna maka, ka ga hoto tar? A ina? A ƙuryar shago, cikin duhu! Ko aci-balbal sarauniya ce da tsakar dare. Ajinka kuwa da hantsi rana na leƙowa ta kowace taga. Irin wannan ɗaki lumen 3,000 zuwa 4,000 na ANSI yake so.

Ka ce sai a rufe tagogi? A watan Afrilu? Haba malam! Rabin aji su yi ta fifita da littafi, rabi su yi ta gyangyaɗi. Mai son rubutu kuma da wane ido zai ga layi?

Ka ce sai a ja majigin baya, hoto ya girma don 'yan ƙarshen benci? Nan ma ka faɗa rami. In faɗin hoto ya ninka, hasken ya bazu a fili ninki huɗu, kowane gefe rubu'i zai samu.

Ka ce mai ƙarfin da tsada? Ga ƙarin haushi: ƙwansa na dusashewa in ya tsufa, ƙurar hunturu na toshe matatar iskarsa, kuma yana shan wuta kusan wat 300, sai ka tanadi janareto ko sola. In aljihu ya yarda, majigi mai leza kan kai awa 20,000 yana haske.

Saboda haka, a kunna maka shi da rana tsaka, tagogi a buɗe, ka koma bencin ƙarshe. In ka karanta ƙananan rubutu ba tare da ƙanƙance ido ba, biya. In ba haka ba, riƙe allinka.