Zuwa ga Bazazzagin da Golf ta kulle a waje

Malam Bazazzagi, ina yi maka jajen abin da ya same ka a Kwangila. Kada ka tambaye ni inda na ji, direbobin da ke lodin Kano sun kawo labarin tun kafin guminka ya bushe. An ce ka danna rimot, ka buɗe ƙofa, ka jefa mukulli da waya a kan kujera, sai ka hango wani abokinka, ka tura ƙofar ka tsaya gaisawa. Kowa ya san gaisuwar mutumin Zariya: a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi inda aka kwana a digiri na uku. Kana tsakiyar zuba Turanci ka ji ƙaras! Ƙofofi huɗu sun kulle kansu, ka koma leƙen mukullinka ta gilas, 'yan acaba na wucewa suna yi maka sannu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne fassarar da ka yi wa lamarin. Wai sammu ne, wai akwai masu baƙin cikin ganin ka a mota. Haba Malam! Wa zai ɓata kuɗin turare a kan Golf 4? Tun 1997 Jamusawa suka fara ƙera irinta. Taka ta ƙare ƙuruciyarta a Turai, ta yi zawarci a Kwatano, ta yi aure biyu ko uku a ƙasar nan kafin ka biya sadakinta. Ga shi kuma garinku ne ke tinƙaho da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, amma ɗan garin bai iya shiga motarsa ba sai da yaron gareji ya zo da lanƙwasasshiyar waya.

To matso kusa, Bakano zai koya maka kyauta, abin da ba mu saba yi ba.

A cikin kowace ƙofar motarka, inda sakata take kama ƙarfen jikin mota, akwai wani akwatin roba mai ɗauke da ɗan injin kullewa da wasu ƙananan suwic. Ɗaya daga cikinsu aikinsa guda ne, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa an buɗe ƙofa ko an rufe. Haƙorin sakatar ne ke goga masa kai duk lokacin da ya juya. Shekara ashirin da ɗoriya ana buɗewa ana rufewa, ga ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama laka, dole kan suwic ɗin ya cinye, robar da ke jikin haƙorin ita ma ta siɗe. Daga ranar sai ka buɗe ƙofa mota ba ta sani ba. Ita kuwa an tsara ta ne idan aka buɗe da rimot, aka yi kimanin daƙiƙa 30 ba a taɓa ƙofa ba, ta sake kulle kanta don kada ɓarawo ya samu banza. Umarnin Bajamushe ta bi. A saninta kana can cikin gida kana shan koko.

Kuma ta daɗe tana yi maka kashedi. Fitilar rufin ciki ta daina kamawa idan ka buɗe ƙofar direba, ka ce ƙwan fitila ne, ka canza shi, shiru. Ƙarar nan da take yi in ka manta fitilun gaba a kunne ita ma ta ɗauke, shi ya sa batir ya riƙa kwana a mace, yaran Tudun Wada suka haddace nauyin motarka saboda turi. Duk suwic ɗaya ne ya jawo.

Akwai laifi na biyu, wannan kuma naka ne kai tsaye. A cikin akwatin akwai ɗan allon lantarki da aka liƙa wa ƙafafun soket da dalma. Duk bugun da ka yi wa ƙofa, dalmar nan ce ke sha, har ta tsage tsagewar da sai an kawo ido kusa ake gani. Shi ne yau ta yi aiki, gobe ta ƙi. Ni kuwa na san yadda kake rufe ƙofa, sai na Samaru ya ji cewa Malam ya iso Sabon Gari.

Gyaran ba tsada, haƙuri yake ci. Za a cire bangon ƙofar na ciki a hankali don kada a karya 'yan robobin da ke riƙe da shi. A sauke gilas daidai ramuka biyun da aka toshe da roba, a sassauta abin da ya maƙale shi, a ɗaga shi sama a ɗaure da salatif. Ramin mukullin waje yana da kusa a gefen ƙofa, sassauta ta ake yi ana riƙe da hannun ƙofar a jaye. Wanda ya kwance ta gaba ɗaya zai wuni yana lalube a cikin ƙofa. Makullin kansa kusoshi biyu ne suka riƙe shi, masu rami mai tsini goma sha biyu, lamba 8. Idan ka ga makanike ya ɗauko kurfi da guduma saboda ba shi da bakinsu, karɓe motarka ka yi gaba. In an fito da akwatin, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya fi kowa iya sauran: ya sabunta dalma, ya gwada suwic da mita, ya canza wanda ya mutu, a wanke tsohon giris a sa sabo kaɗan. Kafin a mayar da bango, a tura sakata da sukundireba ƙofa na buɗe, a ga fitilar rufi na mutuwa tana kamawa. Kada kuma wani ya rufe ƙofar alhali ba a maƙala wayar hannu ba, in ba haka ba tsugune ba ta ƙare ba, sai ta taga za ka riƙa shiga.

Na san za ka ce gara ka sayi wani makullin gaba ɗaya. To sai ka zo Ƙofar Ruwa, don duk iliminku nan kuke ƙarewa. Amma ka tuna na gwanjo sa'an naka ne, shi ma ya sha bugu a hannun wani, don haka a gwada shi a gabanka. Na hagu daban, na dama daban, na gaba daban da na baya, wanda aka ciro daga motar Ingila mai sitiyari a dama kuma ba irin naka ba ne. Na Bora da na Passat na wancan zamani kan yi daidai, in lambar jikinsu ta zo ɗaya. Kada ka shiga kasuwar kai kaɗai da wannan Turancin naka, da jin sa za a ninka maka kuɗi. Kira ni in raka ka, la'adata ba yawa.

Kafin nan, mukulli ya zauna a aljihu, na ajiya kuma a bai wa uwargida, don ta fi ka natsuwa. Tukuicin wannan karatu kwano biyu ne na masarar Saminaka da kaza ɗaya mai rai. Ƙofa a buɗe take in kana da martani, amma da Hausa za ka rubuto, kuma ka fara da faɗa wa jama'a nawa yaron garejin ya karɓa a hannunka.

Naka, ubangidanka na Kano.