Aljanin da Allura Ta Fitar

A unguwarmu har yau akwai masu kirana Magaji, alhali ba shi aka raɗa mini ba, ba kuma sarauta aka naɗa ni ba. Kafin wannan suna Dokta ake ce mini, don na yi kimiyya a sakandare kuma ina iya faɗin sunayen magunguna ba tare da in'ina ba. Duk wanda kansa ya sara sai ya zo wurina, ni kuwa in gyara zama in tsara masa magani da baki.

To, wata rana na ci awarar bakin titi, cikina ya ɗauka. Amai ba ƙaƙƙautawa. Dokta guda ya je ya bi layin yankar kati a asibiti? Ina! Na lallaɓa kemis na ce a ba ni na amai, mai ƙarfi. Mai kemis ya ɓare wasu 'yan fararen ƙwayoyi ya zuba mini a leda, ba kwali, ba suna. Ya ce, "Ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare." Na yi lissafi irin na masana: in ɗaya zai yi aiki, biyu sai ya fi sauri. Na afa biyu. Da aman ya dawo na ce ai waɗancan sun fita, na sake afa biyu.

Washegari da la'asar ina zaune a tsakar gida sai na ji wuyana yana juyawa hagu ba da izinina ba. Na ce masa dawo, ya ƙi. Idanuna suka kafe a sama, harshe ya zazzago waje, miyau na dalala. Hankalina kuwa garau, ina jin kowa. Hajiya ta saki ludayi ta ɗora hannu a ka tana salati. Gwaggo, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ta ce, "Sau nawa na ce yaron nan ya daina bi ta gindin tsamiya da magariba?"

Nan da nan aka turnuƙe ni da hayaƙin tazargade, aka ɗura mini man habbatus sauda a hanci, ƙarti biyu suka danne ni. Malam ya iso ya yi karatu, sannan ya sunkuyo ya daka tsawa: "Wane ne kai?" Na tattara ƙarfina zan ce magani ne. Da harshen da ke waje, abin da ya fito shi ne "Magaji ne."

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo. "Ya faɗi sunansa!"

Wata maƙwabciyarmu nas ce Allah ya jefo, ta dawo daga aiki ta ji ihu. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Hajiya, me ya sha?" Aka laluba aljihuna aka ciro ledar, ta tura yaro kemis ya karɓo kwalin. Metoclopramide ne, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil. A keke Napep aka kai ni asibiti, fuska na kallon hagu, kai ka ce shagunan gefen titi nake ƙirgawa. Aka yi mini allura, kafin a kira magariba wuya ya miƙe, harshe ya koma gidansa.

Likitan, na gaske, ya yi mini bayani yana danne dariya. Maganin yana tsayar da amai ne ta hanyar toshe aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dopamine, kuma sinadarin nan shi ke daidaita motsin tsoka. In aka toshe shi da yawa sai jijiyoyin wuya da ido da harshe su ƙage. An fi ganin haka ga yara da matasa, galibi a kwana ɗaya ko biyun farko, kuma yakan faru ko ga wanda ya bi ƙa'ida, balle ni. Babba miligiram 10 yake sha, sau uku a rana iyaka, da tazarar aƙalla awa 6 ko da ya amayar da na farko. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a wuce kwana 5 ana shansa. Stemetil da Largactil ma suna yin irin wannan. Da ya zo kan cewa in ƙagewar ta kama maƙogwaro numfashi na iya tsayawa, sai dariyar ta ɗauke masa, ni ma haka.

Ya rubuta sunan maganin a katina da manyan baƙaƙe, ya ce in riƙa faɗa duk inda za a ba ni magani, ya kuma cike takardar nan ruwan ɗorawa da ake kai wa NAFDAC rahoton illar magani. Gwaggo dai ba ta janye ba. A wurinta hayaƙin ne ya galabaitar da aljanin, allura ƙarasawa kawai ta yi.

Jama'a, ban hana kowa addu'a ba. Amma in wuyan wani ya karkace a gidanku bayan ya yi fama da amai, kafin a hura garwashi a laluba aljihunsa tukuna, a ɗauki ledar da shi kansa a nufi asibiti.