Taurari Uku a Kan Takarda

A arewacin birnin Landan akwai wata ƙaramar hukuma, sunanta Haringey. A shekarun baya, masu duba aiki a Ingila taurari suke raba wa ƙananan hukumomi: mai huɗu ita ce gwarzuwa, marar ko ɗaya kuma a ce ta gaza. Haringey uku take da su, tana yawo da kai a sama.

A ranar 3 ga Agustan 2007 wani yaro ɗan wata 17 ya rasu a yankin, jikinsa da raunuka sama da 50. Jaridu suka riƙa kiransa Baby P. Ba ɓoyayyen yaro ba ne. Sunansa na cikin rajistar yaran da ke cikin haɗari, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60 cikin wata takwas. Kowa ya zo, ya rubuta, ya tafi.

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, hukumar Ofsted ta fitar da sakamakon duba aikin kula da yara na Haringey. Ta ce aiki na kyau.

To yaya aka yi haka? Ai dubawar a kan tebur aka yi ta. Ƙaramar hukumar ce ta aiko da alƙaluma: an ziyarci yara kaza, an cike fom kaza a kan lokaci. Masu duba suka karanta, suka ga lissafi ya daidaita, suka sa hannu. An tambayi kura lafiyar akuya, ta ce ƙalau.

Sai da shari'ar mutuwar yaron ta ƙare a Nuwamban 2008, jama'a suka ta da ƙura, sannan minista Ed Balls ya tura masu duba su taka da ƙafarsu su buɗe fayilolin yaran. Cikin makonni uku suka dawo da rahoton cewa aikin ya gaza. Shugabar Ofsted, Christine Gilbert, ta yarda cewa dubawar farko a kan alƙaluman da aka ba su ta dogara. Aka cire shugabar sashen yara na Haringey, wadda daga baya kotu ta ce ba a bi ƙa'ida wajen korarta ba. A 2009 taurarin Haringey suka koma ɗaya, Ofsted kuma ta fara kai ziyarar bazata.

Ni dai labarin Landan nake bayarwa. Ranka ya daɗe da ke aiko da saƙo mako guda kafin zuwa, a share harabar sakatariya, a aro kujeru a jera a aji, a tarbe shi da fayil da soyayyar kaza a ofishin ciyaman, ya sa hannu kafin la'asar bai leƙa asibitin ƙauye ba, ba da shi nake ba. Landan ai da nisa.