A Daina Yi Wa Mai Saukowa da Mazaunai Dariya

Akwai wani zalunci da ake yi wa baƙin da suke zuwa Zuru kallon bikin Uhola, kuma tun da ba wanda ya tsaya musu, ni zan tsaya. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina, ƙasar da ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba, ya iso kudancin Jihar Kebbi ya ga duwatsu sun kewaye gari, ransa ya raya masa ya hau ɗaya a ɗauke shi hoto. Hawa ba ya ba shi wahala. Wajen saukowa ne ake samun matsala, har ya ƙare a zaune yana jan jiki da mazaunai, yara na bin sa da shewa. Ra'ayina shi ne wannan bawan Allah bai yi abin kunya ba, kuma ina da hujja.

Hujjata ta farko tarihi ne. Dakarkarin Zuru, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari, ba don sha'awar iska kakanninsu suka zauna kan duwatsu ba. A ƙarni na 19 mahayan Nagwamatse na Kontagora suna kai hare-haren kamun bayi a wannan yanki, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kontagora a 1901. Mutane sun zaɓi wuraren da doki ba ya hawa, baƙo kuma ba ya gane hanya. Ke nan dutsen da ya hana baƙo sakat aikinsa yake yi. Wurin da ya gagari barade masu lifidi, ta yaya za a ce ya yi wa ɗan kasuwar Kantin Kwari ladabi, mutumin da ya zo da babbar riga ta shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa?

A duba yadda abin ke faruwa, don adalci yana cikin bin lamari daki-daki. Baƙo ya juyo zai sauka, ya ga falalen dutsen da ya haye ɗazu yana fito ya koma wani abu dabam. Ya miƙa ƙafar dama, tsakuwa ta gangara, ya ji ƙararta tana tafiya ba ta tsaya ba. Ya janye ƙafar. Ya miƙa ta hagu, iska ta shiga babbar riga ta kumbura ta, ya fahimci tana neman tafiya da shi Rijau. Nan ne hankali ke gaya masa ya zauna, ya kuwa zauna. Ya ja jiki taku ɗaya, lafiya. Ya ƙara ja, lafiya. A na gaba ne ake jin sautin: kyaaat. Ba mai ƙarfi ba ne, amma a kan dutse komai amsa-kuwwa yake yi. Sai ya tsaya cak, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kan dutse, yana lissafi: hantsar wando ce ko gefen riga? Sanyin dutsen da ya ji kai tsaye shi ke ba shi amsa. Ya ɗan motsa don ya tabbatar, sautin ya sake zuwa, wannan karon da tsawo. Gaba ba dama, baya ba dama, tashi tsaye kuwa ya haramta, domin akwai mata masu ɗauke da itace suna tahowa daga sama.

Za a ce da ni, to ai ga matan nan da kaya a kansu suna saukowa suna hira, wasu ma da goyo. Gaskiya ne, amma kwatancin bai yi ba. Zuru ƙasa ce da bisa tsohuwar al'adar golmo saurayi ke yin shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ƙasar da kokawa take wasan yara. Ita ta ba sojan Nijeriya irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami kansa Manjo Janar ne mai ritaya. Ƙafar da aka raina a nan dabam take da ƙafar da ta saba da totur ɗin mota. Wani kuma zai ce ai Bakano yana da Dala. Dala na da matakala ta siminti, jama'a. Hawa matakala ba hawa dutse ba ne.

Suka mafi nauyi ita ce wai baƙo ba ya jin shawara. To bari mu saurari shawarar. A gindin kowane dutse akwai dattijo mai sanda da Allah ya ajiye don wannan rana. Zai ɗaga kai ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, “Alhaji, kada ka faɗo.” Baƙo ya ce, “To Baba, ta ina zan bi?” Ya ce, “Ka taka inda ba santsi.” Ya ce, “Ina ne ba santsi?” Dattijo ya sake nazari ya ce, “Ai da ta can baya ka bi, akwai hanya, har jaki na bi.” Wannan bayani ne mai daraja da ya iso bayan an gama buƙatarsa. Da kyaaat ta biyu ta sauko har ƙasa, sai ya gyara riƙon sanda ya ce, “Kar ka damu ɗana, ba kowa ya ji ba,” alhali su matan sun ajiye itacensu. Ya rufe da tambayar ko shaddar ta yadi nawa ce, don a ganinsa tela ne ya matse hantsar. Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa, kuma ba kalma ɗaya da za ta sauko da mutum ko taƙi guda.

Saboda haka a bar baƙo ya sauko yadda Allah ya hore masa. Mai niyyar zuwa Uhola kuwa, ya tambayi hanyar jaki tun yana ƙasa, kuma ya tafi da wando biyu.