Shawar Alhaji ba ta wanka ba ce

Ranar Talatar nan na je yi wa wani aminina murnar tarewa, kuma tun kafin a kawo mini ruwan sha aka ja hannuna zuwa banɗaki. Ban ce zan zagaya ba. Nuna mini za a yi.

"Malam, duba nan," in ji Alhaji, yana shafa famfo mai ruwan gwal. "Daga Dubai." Tayil har sama, madubi da fitilarsa, shawa mai faɗin faifai. Na kai hannu na murɗa famfon. Ya yi gyaran murya, ya yi shiru. Alhaji ya riƙe mini hannu: "A'a, Malam, ba a murɗawa." Can a lungu kuwa ga tsohon bokitin fenti, ga moɗa, ga buta, su ne ma'aikatan gidan.

Da na ɗaga kai sai na ga zanzaro ya riga masu gida tarewa. Ya yi gini a bakin shawar, ɗaki ciki da falo. Ku yi wa wannan ƙwaro adalci. Ya zagaye gidan kaf, ya duba soro, ya duba garejin mota, ya ga duk damina na iya taɓa su, sai ya zaɓi wuri ɗaya da ya tabbata ɗigon ruwa ba zai same shi ba har jikokinsa. Bai tambayi magini ba, bai ga takardar fili ba, amma ya fi mai gidan sanin gidan. Ran da ruwa ya yi kuskuren zuwa, ambaliya ce, sai an kafa wa iyalansa kwamitin agaji.

Turawa dai in za su yi wannan hauka suna faɗa. A 1917 Marcel Duchamp ya ɗauki mafitsara ta bango, ya sa mata hannu, ya aika da ita baje kolin zane a New York. A Texas ta Amurka, wani tsohon mai gyaran famfo, Barney Smith, ya ƙawata murafen masai sama da 1,000, ya jera su a bango, jama'a na zuwa kallo. Shi ko masan zinariya da Maurizio Cattelan ya ƙera, har amfani aka riƙa yi da shi. Da ɓarayi suka tumɓuke shi a fadar Blenheim ta Ingila a 2019, ruwa ya malale ya yi ɓarna. Ruwa fa! A tumɓuke na Alhaji a gani, ko ƙura ba za ta jiƙe ba.

Kada a ce ado da kayan aiki baƙon abu ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun yi jeren kwalla da tasoshi har rufin ɗaki, ba a taɓa cin tuwo a ciki ba. Amma Inna ba ta taɓa ce wa baƙo ga abinci a cikin langar jere ba, kuma ran da ta shiga matsi takan sauke ɗaya ta sayar. Wa zai sayi shawar da zanzaro ke haya a ciki?

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan da ya zuba dukiya a bangon bayi, da aka zo karo-karon gyaran rijiyar burtsatsen unguwa sai ya ce a dawo ƙarshen wata. Ɗan garuwa ke turo kura har ƙofarsa, ana yi masa tayin wulaƙanci a kan jarka guda, yarinyar aikin gidan kuma ita ke hawa bene da bokiti a ka, ta wuce famfon Dubai ta ajiye.

Alhaji, in ado kake so, kwance shawar ka kafa ta a falo kusa da agogon bango, kowa ya gani ba sai an ja shi bayi ba. Ka kuma biya kuɗin rijiyar.