Ranar da Rumfar Manyan Baƙi Ta Kama Hanyar Jimeta

Ni dai ba ɗaurin rumfa na nema ba. A zaman kwamiti na ce a bar min lasifika, aka ce tana da mai ita. Na ce to rabon ruwan leda, aka ce yaran Islamiyya sun riga ni. Sai shugaban matasa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hamma, kai da Allah ya ba tsawo, tsaya wajen kanofi." Haka na zama ɗan sa-kai mai kula da rumfar manyan baƙi a bikin al'adun da matasanmu na Yolde Kohi suka shirya a ƙarshen rani.

Kada wani ya ɗauka irin bikin Njuwa ne, wanda ake cika Rugange don kamun kifi. Namu na karo-karo ne. Wani ya ba da dubu biyu, wani ya ara mana janareta ba mai, wani ya kawo man a jarka ya zauna a kai yana gadi. Mata sun jera ƙoren da aka yi wa zane da wuta irin na Fulanin Adamawa, ga faifai, ga tabarmi, ga tukwane. 'Yan rawar Bata da na Verre suna gefe suna shiri. Duk wanda ka gani yana gudu da kujerun roba a ka, ko sisi ba a biyansa. Ladansa kwanon shinkafa ne, in ta kai kansa.

Wanda ya san Yola a watan Afrilu ya san zafi yana haura digiri 40, ƙasa kuma ta bushe ta ƙeƙashe. Turaku uku suka shiga da ƙyar, na huɗun na buga ya lanƙwashe ya bar ni da guduma a hannu. Ga iska ta fara kaɗawa, irin mai zuwa gabanin ruwan farko. Na waiga sai ga wata Keke mai ƙafa uku ajiye a bayan rumfa, ba kowa a ciki, ƙura ta rufe ta har lambar ba ta karantuwa. Duk mai hankali zai rantse ta shekara ba ta motsa ba. Na zagaya igiya a ƙarfen bayanta na yi mata ɗaurin da kakana ya koya min na bijimi, na ja na ji tamau, na kakkaɓe hannu. Har yau ina nan a kan bakana, dabara ce mai kyau.

Babban baƙo ya taso daga Jimeta cikin babbar riga mai sitati, ya karɓi makirfo ya shiga tarihi. Ina tsaye kusa da shi, ƙirji a buɗe, da katin kwamiti rataye a wuya. Ya kai kan Modibbo Adama, ya ce a shekarar 1841 ne ya kafa garin Yola. Daga yadda ya gyara tabarau na san zai bi ta kan Lamiɓe ɗaya bayan ɗaya har ya iso 1991 da aka fitar da Adamawa daga Gongola.

Bai wuce 1841 ba.

A bayana na ji wani ɗan tari, kyaf-kyaf-kyaf, sannan inji ya kama. Kunnena ya ji, zuciyata ta ce ai Keke da yawa ne a duniya. Sai na ga igiyata, wadda ke kwance lumus, ta miƙe ta zama sanda. Abin da ya biyo baya shi ne yake hana ni barci. Da rumfar ta faɗi, da da sauƙi, ai rumfa takan faɗi. Wannan tafiya ta yi. Ta ɗaga ƙafar baya, ta tumɓuke turakun nan uku, ta fara ja da baya a hankali cikin ladabi kamar amaryar da ake rakawa ɗakin miji. Ina kallon inuwa tana zamewa daga fuskokin manya, layi bayan layi. Layin farko rana ta buɗe su, suka runtse ido. Layi na biyu suka ɗaga kai sama suna neman inda tamfol ya shiga. Wani dattijo a layi na uku ya ɗauki kujerarsa ya bi inuwar, kuma shi kaɗai na ga ya yi abin hankali a wurin.

Gefen tamfol ya shafi kan babban baƙo ya tafi da hularsa. Hular ta sauka a ƙasa, ta gangara a kan bakinta, ta yi wani ɗan zagaye, ta zo ta kwanta a kan takalmina. Cikin ɗaruruwan mutanen da ke filin, takalmina ta zaɓa. Baƙo ya dubi hula, ya dubi takalmi, ya hau da ido har kan katin da ke wuyana, inda aka rubuta da babban baƙi: MAI KULA DA RUMFA. Makirfo na hannunsa a kunne, don haka duk Yolde Kohi ta ji lokacin da ya ce, "Ikon Allah."

Masu kalangu kuwa suka ɗauka cikin shiri ne, suka saki kiɗa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Na zura da gudu ina ihu, "Tsaya! Tsaya!" Mai Keke, wanda ashe barci yake a gindin darbejiya tun safe, ya leƙo ta madubi ya ga dogon mutum na bin sa, ya miƙo hannu waje ya kaɗa min: "Shata ce, Malam, ba wuri!" Ya ƙara wuta. Ƙafar kanofi ɗaya ta ɓalle ta bi shi tana tartsatsi a kan tsakuwa, sauran rumfar ta kife a kan teburin fura.

Ina dawowa ina haki sai Bappa mai goro ya yafuto ni. Yana zaune inda yake tun hantsi, faifansa a cinya, ko gezau.

"Ɗana," ya ce, "in za ka ɗaure rumfa a jikin Keke, ka fara tambayar mai ita ina za shi."

Na ce, "To, Bappa."

"Kuma ka duba tanki. Marar mai ake nema."

"Na gode, Bappa."

Ya ɓare goro ya miƙo min ɓari, ya ɗan yi tunani. "Da ma wadda za ta cikin Yola ka samu. Nan kusa ne, da yanzu an dawo da ita. Amma Jimeta, da wannan cunkoso na bakin kasuwa..." Ya girgiza kai don tausayi. Sannan ya ce, "Ai ina kallonka lokacin da kake ɗaurawa. Direban ma a nan ya sayi goro kafin ya kwanta."

Na ce, "Haba Bappa! Me ya hana ka faɗa min?"

"Ɗaurin ne ya burge ni. Yaran yanzu ba su iya shi ba. Ka ga ko da ya ja, ƙarfe ne ya ɓalle, igiyarka ba ta kwance ba." Ya juya ga na kusa da shi yana nuna ni da ɓarin goro. "Wannan yaron ɗan gidan shanu ne."

Kafin in isa gida bidiyon ya riga ni ta WhatsApp. Na tarar da maiɗakina ta tattare igiyar shanya daga tsakar gida ta ɓoye, ta ce don gudun tsautsayi.

Don Allah duk wanda ya ga wata Keke mai ƙura tsakanin Yola da Jimeta tana jan ƙarfe da igiya shuɗiya, ya ce wa direban ba fushi ake da shi ba. Igiyar na bar masa. Ƙafar kanofin dai ta haya ce, kuma mai ita ya san ƙofar gidana.